Fari, yunwa da «gurgusowar hamada»: sharhi a kan kalmomin da aka rubuta tarihin bala'in noma da su a ƙasar Ƙonni

0. Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce yin sharhi a kan yadda aka rubuta tarihin fari da na iska mai ƙura a yankin da ya haɗa Alela, Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela, cikin jahar Tawa. Fagenmu ilimin harshe ne, saboda haka abin da za mu duba shi ne kalmomin da marubuta suka yi aiki da su, da kuma irin hukuncin da kowace kalma take ɗauke da shi tun kafin a kawo hujja. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: an cusa abubuwa uku da Hausa ta rarrabe, wato fari da yunwa da ɓarnar iska, cikin kalma ɗaya ta aro, kuma wannan cakuɗawa ta sa an daɗe ana ɗora wa manomi laifin da ba shi kaɗai ya yi ba. Maganar ta ƙara nauyi tun daga watan Maris na 2025, lokacin da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Duk kalmar da muka amince da ita yanzu, da ita za a rubuta littattafan makaranta da dokokin gobe.

1. Inda labarin ya samo asali

Ranar 14 ga watan Afrilu na 1935, wata baƙar guguwar ƙura ta rufe filayen noma na Oklahoma da Texas da Kansas, a tsakiyar Amurka. Ita ce mafi shahara cikin jerin guguwar da aka yi ta yi a can cikin shekarun 1930. Dalilin abin sananne ne: tun lokacin yaƙin duniya na farko manoma suka kafce ciyawar da ke riƙe da ƙasa, da manyan garemanin inji, don noman alkama. Da fari ya zo, iska ta iske ƙasa tsirara ta kwashe ta. Kafin watan ya ƙare gwamnatin Amurka ta kafa hukumar kiyaye ƙasar noma.

A cikin wannan shekarar ce wani masanin gandun daji ɗan Ingila, E. P. Stebbing, ya wallafa maƙalarsa a kan cewa Sahara tana matsowa kudu tana barazana ga ƙasashen da Turawa ke mulki a Afirka ta yamma. Ya ratsa arewacin Nijeriya da kudancin Nijar da rani, ya ga yashi da hazo da gonaki babu komai, ya yanke hukunci. Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa wanda ya bi kan iyakar ƙasashen biyu a 1936 zuwa 1937. Kwamitin bai sami shaidar cewa hamada tana tafiya ba. Amma labarin ya riga ya kama. A 1949 André Aubréville, wanda yana cikin wannan kwamiti, ya yaɗa kalmar «désertification» a kan bangon littafinsa. Bayan yunwar 1973, Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi babban taro a kanta a Nairobi cikin 1977, sannan aka ƙulla yarjejeniyar duniya a 1994.

Abin lura shi ne, tsoron da aka shigo da shi ƙasarmu an ƙera shi ne a kan gonar injin alkama ta Amurka. Manomin Tsarnawa ko na Dogerawa da hauya da kalme yake noma, yana barin gawo da kalgo da sabara a cikin gonarsa. Duk da haka an ɗauki hukuncin can, cewa mai noma ne ya jawo ƙura, aka liƙa masa. Dokar gandun daji da Faransa ta kafa wa ƙasashen Afirka ta yamma ranar 4 ga Yuli na 1935, da wadda Nijar ta yi a 1974, duk sun tashi a kan wannan zato: itace na hukuma ne, talaka kuwa maɓarnaci ne da ake tsare itacen daga gare shi.

2. Fassarar da muka yi wa kanmu

Gidajen rediyo da ma'aikatu sun fassara kalmar Aubréville ta hanya biyu:

(1) gurgusowar hamada
(2) kwararowar hamada

Ta farko an fi jin ta a Nijar, ta biyu a Nijeriya. Duka biyun an gina su ne a kan aikatau mai ɗafa-ƙeyar -o, wanda Parsons (1960) ya sanya a aji na shida, wato aikatau mai nuna tafiya zuwa wajen mai magana: gurgusa, gurguso, kwarara, kwararo. Ke nan tun a cikin ƙirar kalmar an riga an yarda da abubuwa biyu. Na ɗaya, hamada ce aikau, ita ke motsi. Na biyu, daga wani wuri take tahowa. Wannan ra'ayin Stebbing ne aka saka masa riga ta Hausa, alhali kuwa shi ne ra'ayin da bincike ya fi raunanawa. Hotunan tauraron ɗan Adam da Tucker da abokan aikinsa suka nazarta, na shekarun 1980 zuwa 1990, sun nuna bakin Sahara yana yin kudu a shekarar ƙarancin ruwa, ya koma arewa idan damina ta yi kyau. A 2003 kuma Giannini da abokan aikinta suka nuna cewa babban dalilin raguwar ruwan Sahel a shekarun 1970 da 1980 shi ne sauyin zafin ruwan tekuna. Wannan ya rage wa ra'ayin Charney na 1975 ƙarfi, wanda ya danganta farin da yadda kiwo ya tsiraita ƙasa.

Mu kwatanta da abin da ake ji a bakin manoma:

(3) Ƙasa ta gaji.
(4) Gona ta koma faƙo.
(5) Iska ta bizne shuka.

A (3) da (4) babu wani abu da ya taho daga arewa. Ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafar mutum ce ta canza hali, kuma aikatau «gaji» yana ɗauke da ma'anar cewa hutu ko taki na iya mai da ita. A (5) an ambaci mai ɓarna da abin da aka ɓata, ba tare da kewaye ba. Ta fuskar ilimin ƙasa, jimlolin manoma sun fi fassarar ma'aikata kusa da gaskiya.

3. Iska ba iri ɗaya ba ce

Rahotanni da yawa suna haɗa kowace ƙura a ƙarƙashin «vent de sable» ko «brume sèche». Hausa tana da hazo da buda, na lokacin hunturu. Tana da guguwa, mai juyawa da tsakar rana. Tana da holoƙo, wanda ake yi wa kirari da hadarin kaka domin ya taso kamar zai zubar da ruwa ya watse. Sannan ga iskar da ke gaban hadari a farkon damina. Aikinsu a gona ya bambanta ƙwarai.

Ƙurar hunturu mai laushi ce, kuma babban tushenta shi ne kwarin Bodele a arewacin Cadi. Tana sa tari da ciwon ido, tana hana jirgi sauka, amma idan ta kwanta a gona tana ƙara mata sinadarai. Wadda ke kashe amfani ita ce ta watan Mayu zuwa Yuli, mai tasowa daga gabas gabanin ruwa. Ba ta cika daɗewa ba, sai dai tana ɗauke da yashi mai kauri a daidai tsayin ƙaramin hatsi, ta yayyanka ganyensa ko ta rufe shi cikin rami. Binciken da aka yi a cibiyar ICRISAT ta Sadore, kudu da Yamai, cikin shekarun 1990, ya auna wannan ɓarna, ya kuma nuna cewa barin kara a kwance cikin gona yana rage ta. Mai jigawa a Alela da ya sake shuka sau biyu ko uku a damina ɗaya ya san wannan iska da kyau. Marubucin da bai raba ta da hazo ba zai kirga kwanakin ƙura na watan Janairu ya ce hamada ta iso, ya kuma rasa ganin awa ɗaya ta watan Yuni da ta cinye iri.

Haka ma kalmar «fari» kanta. A bakin manomi, fari shi ne ɗaukewar ruwa a tsakiyar damina bayan an yi shuka: a ce an yi fari na kwana ashirin. «Sécheresse» ta ma'aikatar yanayi kuwa jimillar milimita ce ta shekara idan ta gaza matsakaici. Ana iya samun shekarar da jimilla ta cika amma hatsi ya ƙone yana bunni. Akwai kuma tarkon rubutu: «fari» na rashin ruwa wasalinsa na farko gajere ne, «fari» jam'in fara kuwa dogo ne, amma ƙa'idar rubutunmu ba ta nuna tsawon wasali. Wanda ya tsinci «shekarar fari» a rubuce, ba tare da ya ji ta a baki ba, yana iya mai da shekarar fara ta zama ta rashin ruwa. Ba ƙaramin abu ba ne, tun da yunwar 1931 a yammacin Nijar, wadda André Salifou ya yi rubutu a kanta, fara ce ta buɗe mata ƙofa, haraji da aikin tilas suka ƙarasa.

4. Abin da sunayen yunwa suke faɗa

Littattafai biyu sun cancanci yabo domin sun ɗauki sunayen da talakawa suka raɗa wa shekarun yunwa da muhimmanci. Na farko shi ne na Michael Watts (1983) a kan arewacin Nijeriya, wanda ya yi zaman bincikensa a Kaita, ƙasar Katsina. Na biyu shi ne na Boureima Alpha Gado (1993) a kan tarihin yunwa a Sahel. Ga wasu daga cikin sunayen da aka sani:

(6) Kakalaba (1913-1914)
(7) Ƴar Buhu (1927)
(8) Ƴar Gusau (1942)
(9) El Buhari (1984-1985)

A ƙasar Zabarma an kira ta 1913-1914 Gande Beeri, wato babban ƙirji. Ta 1931 shekarar fara. Ta farkon shekarun 1950 shekarar garin rogo. Ta tsakiyar shekarun 1960 kuma Bandabari, wato juya baya.

Sukarmu a nan ita ce, an fi amfani da waɗannan sunaye a matsayin turaku na kirga shekaru, a sa fassara a gefe a wuce. Alhali kowane suna jimla ce da aka dunƙule. «Ƴar» tana gaba ne domin yunwa tamace ce a jinsi, sai abin da ya biyo baya ya faɗi wanda ake danganta ta da shi. A (7) buhu ne, wato hatsin da ya zo daga nesa maimakon damin da ake cirowa daga rumbu. A (8) garin da aka dogara da shi wajen samun abinci ne. Bandabari tana magana a kan zumunci da ya yanke, har mutum ya juya wa ɗan'uwansa baya yana ci. Cikin sunayen da ma'anarsu take a fili, babu wanda ya ambaci ruwan sama, balle hamada. Abin da jama'a suka riƙe shi ne ta ina abinci ya zo, wa ya hana, wa ya ƙi taimako. Wannan ya zo daidai da ra'ayin Amartya Sen (1981) cewa yunwa tana faruwa ne idan mutane suka rasa hanyar mallakar abinci, ko da akwai shi a kasuwa. Tsofaffinmu sun riga littafin da shekaru masu yawa.

Misali na (9) ya fi shafar Ƙonni. Rubutun «El» irin na Faransanci ne, kuma wanda bai ji Hausa ba zai ɗauka «al-» ce ta Larabci. A gaskiya «ƴar» ce a karin harshen wasu sassan Nijar, inda ake jin «ƴal» ko «el». Sunan yana nuni ga Janar Muhammadu Buhari, wanda gwamnatinsa ta rufe iyakokin ƙasa na Nijeriya a watan Afrilu na 1984, ba a buɗe su ba sai a watan Maris na 1986. Daminar 1984 tana cikin mafi muni da aka auna a Sahel, babu mai musun haka. Amma mutumin Ƙonni ya saba idan damina ta ƙi ya tsallaka Illelar Nijeriya ya sayo dawa da masara, ko ya tafi cin rani Sakkwato ko Kano ya aiko da kuɗi. A wannan karon ƙofar a rufe take. Jama'a ba su sa wa shekarar sunan gajimare ba, sun sa mata sunan wanda ya rufe ƙofa. Har yanzu a gidajenmu ana kirga shekarun haihuwa da ita: wane gabanin El Buhari aka haife shi, wance bayanta. Rufe iyakar da aka sake yi daga Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, da takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Yuli na 2023, sun ƙara nuna cewa tiya na iya tsada a kasuwar Ƙonni ba tare da an yi fari ba.

Suka ta biyu ta shafi taswira. Watts ya tsaya a iyakar Nijeriya. Sunayen da suka fi yaɗuwa ta hanyar aikin Alpha Gado na Zabarmanci ne. Djibo Hamani da Nicole Échard, waɗanda suka wallafa ayyukansu a kan Adar a 1975, hankalinsu ya fi karkata ga sarauta da kafuwar garuruwa. Bernard Caron (1991) ya bayyana nahawun Adaranci, amma ba tarihin yunwa ya sa gaba ba. Ƙasar Ƙonni, wadda take tsakanin Adar da Gobir da Sakkwato, ta faɗa a ratar da ke tsakanin waɗannan ayyuka. Ga shi kuwa garin da rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone a 1899 ya shiga ƙarni na ashirin da rumbuna a toye, shekara goma sha huɗu kacal kafin Kakalaba. Tarihin da ya fara da ma'aunin ruwa ba zai ga wannan ba.

Hukuma ma ta san nauyin kalmar «yunwa». Yadda aka tafiyar da taimakon abinci yana cikin dalilan da sojoji suka bayar da suka kifar da gwamnatin Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu na 1974. A 2005 shugaba Tanja Mamadu ya ƙi yarda cewa akwai yunwa a ƙasar, aka koma ga «ƙarancin abinci» da «matsalar cimaka». A 2010 gwamnatin Salu Jibo ta furta kalmar a fili ta nemi agaji. «Fari» ba ya tuhumar kowa, shi ya sa masu mulki suka fi son sa.

5. Inda hujjarmu take da iyaka

Kada a fahimce mu da cewa ƙasa ba ta lalace ba, ko kuwa duk abin da manomi ya faɗa daidai ne. Ruwan Sahel ya ragu da fiye da kashi 20 bisa 100 tsakanin shekarun 1950 da na 1980. Jama'ar Nijar, da ba su wuce miliyan 3 da ƴan kai ba a 1960, sun haura miliyan 17 a ƙidayar 2012. Saurar da ake barin gona ta huta ta kusa ɓacewa, kara kuma da ya kamata ya kare ƙasa ya zama abincin dabbobi da makamashi da kayan sayarwa. Faƙon da ke kan tudun Badagishiri gaskiya ne.

Abin da muke cewa shi ne, aikin da ya yi nasara a yankin ya bi nahawun (3) da (4), ya bar na (1) da (2). Layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya, wajen Buza, a 1975, da taimakon ƙungiyar CARE, an jera su ne don su karya iskar da ke yanka shuka cikin gona. Madatsun Mozage da Zango, masu ba filin noman rani na Ƙonni ruwa, da albasar Galmi, sun ba mutane abin sayarwa idan hatsi ya ƙi. A 1989 wani shiri na asusun FIDA ya kai wasu manoman Illela ƙasar Yatenga, a Burkina Faso, suka ga yadda ake gina ramukan shuka a zuba taki. Suka dawo suka gyara dabarar da a nan ake kira tassa, aka haɗa da rabin wata, har dubban hekta na faƙo suka koma gona. A Maraɗi kuma, tun daga 1984, shekarar da aka yi babban taron ƙasa a kan hamada a garin, manoma suka shiga renon kututturan da ke tsirowa cikin gonakinsu, abin da suka kira sassaben zamani. An ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5 a kudancin ƙasar. Ya bunƙasa ne da tsoron tarar ma'aikatan gandun daji ya ragu, dokar ƙasar noma ta 1993 da sabuwar dokar gandun daji ta 2004 suka ƙara wa mai gona iko a kan itacensa.

Ko a nan akwai abin dubawa. Da aka gane faƙo na iya rayuwa, sai ya sami kasuwa a ƙasar Illela, kuɗinsa ya yi ta hawa. Mai hali ya saya ya ɗauki ƴan ƙwadago su gina masa tassa, marar hali ya sayar a shekarar wuya. Kalmar «farfaɗo da ƙasa» ita ma tana iya ɓoye tambayar da sunayen yunwa suka saba yi, wato wa ya samu, wa ya rasa.

6. Kammalawa

Shawarwarinmu uku ne. Na ɗaya, kwamitocin ƙirƙirar kalmomi su daina ba da «gurgusowar hamada» a matsayin fassarar da ta game komai. «Gajiyar ƙasa», «zaizayar ƙasa» da «komawa faƙo» kowace tana da gurbinta. Na biyu, a littattafan makaranta da labaran rediyo a raba fari da yunwa, a raba hazo da iskar gaban hadari. Na uku, sashenmu da na tarihi su tura ɗalibai Alela, Bazaga, Dogerawa da Tajaye su ɗauki sunayen shekarun wuya daga bakin tsofaffi, da murya, a rubuta su da baƙaƙe masu ƙugiya, a nuna tsawon wasali da karin sauti, a kuma tambayi dalilin kowane suna. Waɗanda suka ga Kakalaba sun ƙare. Waɗanda suka yi magidanci a 1973 sun haura saba'in, kuma kowane rani ana rasa wasu daga cikinsu.